Filin Kowa da Kowa: Abin da Na Gani a Filayen Golf Huɗu na Sikotlan

Mako uku ke nan rabona da wannan shafi, kuma na ga saƙonnin masu cigiya, har da na ɗalibin da ya tambaya ko edita ne ya sallame ni. Lafiya lau nake. Hutun shekara na ɗauka, wani tsohon abokina da muka yi digirin farko tare, wanda yanzu yake aikin likita a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, ya matsa sai na je na ga inda yake zaune. Shi ya ɗauki nauyin masauki da abinci, ni kuwa na ɗauki nauyin surutu.

Na san wani zai ce, “Haba Malam, ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, kai kuma ka dawo mana da labarin golf, wasan manya?” Da gaskiyarsa. Ni ma da wannan tunanin na tafi, domin a garuruwanmu irin su Kano da Kaduna da Jos, filin golf abu ne da muka gada daga Turawan mulki, yana can unguwar manya, talaka bai san shi ba sai ta gefen titi. Abokina ya kamu da son wasan, ya ja ni filaye huɗu a cikin kwana goma, dukkansu na jama'a ne, wato ba sai kana cikin wata ƙungiya za ka shiga ba. Kallon wasa na je yi, amma abin da na dawo da shi tambaya ce game da ƙasa: idan an ce fili na jama'a ne, me ake nufi, kuma wa ke tsaron sa? A yi mini haƙuri a biyo ni, za a ga inda zancen ya shafe mu.

Ga wanda bai san wasan ba, wanda wasu 'yan jaridarmu ke kira ƙwallon lambu, ga yadda yake a taƙaice. Ana bugun wata 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda, daga wurin farawa har ta faɗa wani ɗan rami da ke can nesa. Cikakken fili yana da rami 18, wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. A gabar tekun gabashin Sikotlan wasan ya girma, a kan irin ƙasar da mu za mu kira jigawa: rairayi ne tsakanin teku da gonaki, ba ya noma, sai kiwon tumaki da shanya tufafi. Da yake ba mai kwaɗayin irin wannan ƙasa, sai ta zama ta gari baki ɗaya. Wasan ya shiga ran mutanen har ya kai a shekarar 1457, zamanin Sarki James na II, majalisa ta haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda samari sun yi watsi da koyon harbin baka alhali ana zaman ɗar-ɗar da Ingila. Dokar ba ta yi tasiri ba. A 1502 jikansa, Sarki James na IV, da kansa ya sayi sandunan golf. Yau ƙasar da mutanenta kimanin miliyan biyar da rabi ne tana da filaye sama da 550.

Filin farko da muka je shi ne Bruntsfield Links, a tsakiyar Edinbara, tafiyar ƙafa kaɗan daga jami'ar birnin. Da muka iso na tambayi abokina, “Dakta, ina ƙofar shiga?” Ya yi dariya ya ce, “Malam, ai ka riga ka shiga.” Babu katanga, babu maigadi, babu teburin karɓar kuɗi. Fili ne kore a tsakanin dogayen gidaje na dutse, an haƙa masa gajerun ramuka 36, kowanne bugu biyu ko uku ya isa. Ka zo da sandarka da ƙwallonka, ka bi layi, ka buga, ka tafi. Ko sisin kwabo ba a biya. A yammacin da muka je, akwai ɗaliban jami'a da jakunkunan littattafansu a baya, da wata uwa tana koya wa 'yarta riƙon sanda, da ma'aikata da suka taso daga ofis ba su ko kwance laƙabin wuyansu ba. Da yake lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, muka buga har muka gaji kafin magariba ta yi.

A wajen ƙwararru, Bruntsfield ba wani fili ba ne. Ciyawarsa ba ta da laushin ta manyan filaye, kuma sau biyu na dakata da bugu saboda kare ya ratsa. Amma ragowar tsohuwar makiyayar birnin ce, an yi ɗaruruwan shekaru ana golf a kanta, kuma ƙungiyar Royal Burgess, wadda ke lissafa kafuwarta daga 1735, nan ta soma. Wani dattijo da muka yi layi tare ya ce mini kakansa ne ya fara kawo shi wurin, shi ma ga shi ya kawo jikansa. Na dubi gidajen da ke kewaye, na ƙiyasta abin da fuloti ɗaya zai yi a wannan wuri, na ce a raina: a wani garin da na sani, da tuni an yanka shi.

Kashegari muka hau Braid Hills, a kudancin birnin. Tarihinsa a haɗe yake da na Bruntsfield. Da Edinbara ta cika ta batse a ƙarni na 19, masu golf da masu wucewa suka fara takura wa juna a tsohon filin, ƙwallo na barazanar fasa kan mutane. Sai hukumar birnin ta samar wa 'yan wasa sabon wuri a kan waɗannan tuddai, aka buɗe shi a 1889. A lura da abu biyu a nan. Ba a kori mutane daga filinsu ba sai da aka ba su madadinsa, sa'annan tsohon filin ma ba a gine shi ba, aka bar shi ga masu gajeren wasa da masu shan iska.

Braid Hills cikakken fili ne mai rami 18, mallakar birni, kuma kuɗin zagaye ɗaya bai fi abin da mutum zai kashe a cin abincin dare a matsakaicin gidan abinci ba. Hawa da gangara ne tun daga farko har ƙarshe, ga iska mai ture mutum. Daga ƙololuwarsa kana hango fadar Edinbara a kan dutsenta, da tsaunin Arthur's Seat, da mashigin tekun Forth yana ƙyalli. Gefen hanyoyin wasan cike yake da wata ƙaya mai furanni rawaya, 'yar'uwar sarƙaƙiyarmu, wadda in ƙwallo ta shige ta sai dai ka yi mata addu'a. Ƙwallo biyar na bari a cikinta, abokina yana lissafawa da ƙarfi don kada in manta. Waɗanda muka tarar a wurin direbobi ne, da masu gyaran famfo, da 'yan fansho, kowa na janye da jakar sandunansa da kansa, ba mai ɗan dako. A wannan filin na gwamnati Tommy Armour ya koyi wasa yana yaro, mutumin da ya rasa ganin ido ɗaya a Yaƙin Duniya na Ɗaya amma ya zo ya ci babbar gasar Amurka a 1927 da gasar Open ta Birtaniya a 1931. Da kuɗin shiga ya fi ƙarfin iyayensa, da wataƙila ba a taɓa jin sunansa ba.

Fili na uku yana Musselburgh, wani garin masunta da ke kimanin kilomita 10 gabas da Edinbara. Shi abin mamakinsa, a cikin filin sukuwa yake. Hanyar tseren dawaki ta kewaye shi kamar zobe, sai ka tsallake farin shingen ka shiga, kuma ranar da ake sukuwa 'yan golf hutawa suke yi. Raminsa tara ne kacal, shimfiɗe yake ba tudu, wanda bai san tarihi ba zai wuce shi bai waiwaya ba. Amma akwai rubutacciyar shaida cewa ana golf a nan tun 1672, a littafin lissafin wani attajiri, Sir John Foulis, wanda ya rubuta kuɗin da ya yi asara a wasan. Faɗin ramin golf a duk duniya yau inci huɗu da kwata ne, wato milimita 108, kuma asalin wannan awo wani ƙarfen haƙa rami ne da aka yi amfani da shi a Musselburgh tun 1829. Sau shida aka yi gasar Open a nan tsakanin 1874 da 1889. Wanda ya ci ta farkon, ta 1874, sunansa Mungo Park. Da na ga sunan a jikin allo na yi turus, na ce, “Dakta, ashe mutumin da aka ce mana shi ya gano kogin Kwara har golf ya taɓa?” Ashe suna ne ya zo ɗaya. Namu na littafin firamare ya rasu a Bussa tun 1806, wannan kuwa tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, ƙanin Willie Park wanda ya ci gasar Open ta farko a 1860.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai a Musselburgh na mata ne. A farkon shekarar 1811 aka shirya wa matan garin masu tallan kifi gasar golf, kyautar kuwa kwandon ɗaukar kifi ne da ƙyallayen alharini. Ita ce gasar mata ta farko da tarihi ya adana. Yanzu a kwatanta da wannan: ƙungiyar manyan mutanen Edinbara, wadda ta rubuta dokokin golf 13 na farko a 1744, ta yi shekaru tana wasa a wannan fili tare da kowa. Da cunkoso ya ishe su, sai suka sayi ƙasarsu ta kansu a Muirfield a 1891, suka tafi, gasar Open ta bi su a 1892, Musselburgh bai sake ganin ta ba. Wannan ƙungiya ba ta amince mace ta zama mamba ba sai a 2017. Abin da filin talakawa ya ba matan masunta a 1811, sai da aka shekara 206 kafin filin manya ya ba matan manya. Masu kuɗi sun tafi da gasa da suna, amma filin yana nan, na gari ne, har yau da kuɗi kaɗan kana iya hayar sandunan katako irin na da ka zaga shi. Na gwada, na kuma gane dalilin da ya sa aka daina yin su.

Sai uwa uba, St Andrews. Daga Edinbara jirgin ƙasa muka shiga, muka haye gadar Forth wadda aka buɗe a 1890, muka sauka a Leuchars, muka ƙarasa a bas, domin garin ba shi da tashar jirgi. Ƙaramin gari ne mai tsohuwar jami'a da aka kafa a 1413. Tsohon filinsa, wanda suke kira Old Course, shi ne alƙiblar 'yan golf na duniya. A nan aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, sauran duniya ta bi. Yana da tarkon yashi 112, wasunsu sun fi tsayin mutum zurfi, kuma Tiger Woods ya ci gasar shekarar 2000 ba tare da ƙwallonsa ta faɗa ko ɗaya ba a cikin kwana huɗu. Gasar Open ta 150 a nan aka yi ta a 2022, karo na 30 ke nan da filin ya karɓi baƙuncinta. Katafaren ginin ƙungiyar Royal and Ancient, wadda ta samo asali a 1754, yana tsaye a bayan wurin farawa, har baƙo ya ɗauka filin nata ne. Ba nata ba ne. 'Yan ƙungiyar masu amfani da filin ne kamar sauran jama'a.

Ban buga a Old Course ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba. A lokacin bazara kuɗin zagaye ɗaya ga baƙo ya haura fam 300, wanda in aka juya shi zuwa naira ya zarce albashina na wata. Bayan haka ana neman takardar shaidar cewa ka iya wasan daidai gwargwado, ni kuwa ƙayar Braid Hills ta riga ta ba da shaida a kaina. Ko mai kuɗi da takarda ma, yawanci sai ya shiga ƙuri'ar da ake fitarwa kwana biyu kafin ranar wasa, domin masu nema sun fi gurabe yawa. Na ce wa abokina, “To ina jama'ar take a nan?” Ya ce, “Bari Lahadi ta zo.”

Ranar Lahadi ba a golf a Old Course, sai fa in babbar gasa ta faɗo a ranar. Filin da attajirai ke tsallako teku dominsa, ran nan na kowa ne. Mun tarar da iyalai sun shimfiɗa barguna suna cin abinci, yara na guje-guje, tsofaffi na jan karnukansu, ɗalibai na kwance da littattafai. Na bi layi na ɗauki hoto a kan 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan, inda Jack Nicklaus ya tsaya ya yi bankwana da gasar a 2005, ba wanda ya ce mini kanzil. Akwai ma wata 'yar hanya da ta ratsa ta tsakiyar ramin farko da na ƙarshe zuwa bakin teku, wadda ko a ranakun wasa mutane da motoci ke bi, 'yan wasa su jira su wuce. Mazaunin garin kuwa yana sayen tikitin shekara guda, wanda ke ba shi damar wasa a dukkan filayen bakwai da na tarar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, a kan kuɗin da bai yi nisa da abin da baƙo ke biya na yini ɗaya ba. Wato baƙo ke ɗaukar nauyin ɗan gari. Ni ma ban dawo hannu rabbana ba: a gefen filin akwai wani ɗan dandali mai tudu da kwari da ake kira Himalayas, na ƙungiyar mata da aka kafa a 1867, inda da 'yan fam kaɗan kowa ke iya gwada gara ƙwallo zuwa rami. A nan na ci abokina, kuma ina so a rubuta.

Yadda wannan fili ya zauna a hannun gari shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya sa hannu a wata takarda da ta ba shi izinin kiwon zomaye a wani sashe na jigawar, amma ta tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na yin golf da ƙwallo da sauran wasanni a kanta. Haka aka zauna har 1797, lokacin da majalisar garin ta faɗa cikin bashi, ta duba abin da za ta sayar, idonta ya faɗa kan filin jama'a. Ta sayar. Bayan shekara biyu filin ya koma hannun wasu 'yan kasuwa, uba da ɗa masu suna Dempster, suka mayar da shi gonar zomaye don nama da fata. Zomaye suka haƙe ko'ina. Mutanen gari suka ƙi yarda, aka shiga kotu, aka shiga farautar zomaye, shari'a ta kai har majalisar dattawa a Landan. Wannan rikici, wanda tarihi ke kira Yaƙin Zomaye, bai lafa ba sai a 1821, da wani mai ƙasa a yankin, James Cheape, ya saye filin ya bar shi ga golf. Duk da haka a hannun mutum ɗaya yake, sai a 1894 aka yi dokar da ta mayar da shi mallakar gari. Abin da majalisa ta sayar a zama ɗaya, shekara 97 aka yi kafin ya dawo. Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, mutanen St Andrews kam sun yi gudun.

Sun kuma koyi darasi. Da aka zo sake fasalin ƙananan hukumomi, aka ga majalisar garin za ta rushe a 1975, ba su jira ganin halin sababbin shugabanni ba. A 1974 suka samo doka daga majalisar ƙasa wadda ta kafa kwamitin amintattu na musamman, aka damƙa masa kula da filayen, da sharaɗin su zauna wurin shaƙatawar jama'a. Ribar da aka samu daga baƙi cikin filayen take komawa. Wannan kuma reshe ne na wata tsohuwar al'ada ta shari'arsu. Tun 1491 suke da dokar da ta ce dukiyar gari ta gari ce, don amfanin mutanensa za a sarrafa ta, kuma dokar tana aiki har yau. A 2015 aka ƙara mata ƙarfi: dole kowace ƙaramar hukuma ta buga rajistar irin wannan dukiya kowa ya gani, kuma dole ta tuntuɓi jama'a kafin ta sayar ko ta sauya amfanin wani abu daga ciki. Wata dokar ta 2003 ma ta ba mai tafiya a ƙasa damar ratsa filin golf, ko na wane ne, muddin bai tsoma baki a wasa ba kuma bai taka lallausar ciyawar bakin rami ba.

Idan aka ce in jera filayen huɗu, ga hukuncina. Wajen daɗin wasa a kan kuɗin da malamin makaranta zai iya biya, Braid Hills ne gaba. Wajen tarihi a wuri mai sauƙin kai, ba kamar Musselburgh. St Andrews ya fi su kyau da suna nesa ba kusa ba, amma na jama'a ne da sharaɗi, domin wanda ba ɗan yankin ba, in ba mai hali ba ne, rabonsa a Old Course yawon Lahadi ne. Wanda ya fi cancantar sunan filin jama'a shi ne mafi ƙanƙantarsu, Bruntsfield, inda ba a tambayar ka ko kai wane ne. Kada kuma mai karatu ya ɗauka can aljanna ce. Ƙananan hukumominsu na kukan rashin kuɗi, kuma filin golf na gwamnati yana cikin abubuwan da ake fara dubawa in za a rage kashe kuɗi. A birnin Dundee, wanda ba shi da nisa da St Andrews, an rufe filin Camperdown a 2020 saboda wannan dalili. Jarabar da ta kama majalisar St Andrews a 1797 ba ta mutu ba. Bambancin kawai, yanzu akwai doka da rajista da mutanen da suka san haƙƙinsu, saboda haka ba a yin abin a ɓoye cikin dare.

A jirgin dawowa, filin unguwarmu na yi ta tunawa, inda muka yi ƙwallo da langa muna yara, inda ake sallar idi in babban filin ya cika, inda mata ke shanya hatsi. Yau shaguna ne jere, sama da ƙasa. Ba wanda ya tambaye mu, ba a kuma ba yaran unguwar madadinsa ba, suna can suna ƙwallo a kan kwalta suna kauce wa babura. Na tabbata kowane mai karatu yana da irin wannan fili a zuciyarsa: harabar makarantar firamare da aka gutsure, ko kududdufin da aka cike aka gina, ruwan da ya saba kwanciya a cikinsa ya koma ɗakunan mutane da damina, ko burtalin da aka nome har ya zama sanadin zubar da jini. Mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Kakanninmu sun san hurumi, sun san makiyaya da burtali da dandali, addininmu kuma ya san waƙafi, dukiyar da ba a sayarwa ba a gado. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma cewa ta yi ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, don amfanin dukkan 'yan Nijeriya. Kalmar amana tana nan a rubuce. Abin da babu shi ne abin da zai hana alƙalamin mutum ɗaya warware ta.

Ba ina kira a gina mana filayen golf ba ne. Wasa ne mai cin ƙasa da ruwa, ƙasarmu kuwa ba ta da ruwan sama irin na Sikotlan, yaranmu ma ƙwallon ƙafa suke so. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi. Majalisun dokokin jihohinmu su yi dokar da za ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta filayen jama'a da ke cikinta, da iyakokinsu, a buga a manna inda kowa zai gani. Kada a taɓa ko ɗaya sai an yi shela, an saurari mutanen wurin, an kuma ba su madadi kafin a ɗauka. Manyan filayen da suka rage a damƙa su ga amintattu da suka haɗa da mai unguwa da liman da wakilan matasa da na mata, waɗanda wa'adinsu bai rataya a kan zaɓe ba. Mu kuma da ke jami'a akwai namu aikin. Maimakon ɗalibanmu na tarihi da labarin ƙasa da shari'a su yi ta maimaita batutuwan da aka gaji da su, a tura kowa unguwarsu ya zauna da dattawa, ya nemo tsofaffin taswirori, ya rubuta filayen da aka yi da waɗanda suka saura. Ni na fara da ɗalibaina na ajin ƙarshe a wannan zangon.

Abu na ƙarshe, filin da ake amfani da shi kullum yana da wuyar sata. Bruntsfield ya tsira ne domin babu yammacin da za a je a tarar ba kowa a kansa. Idan akwai sauran fili a unguwarku, ku share shi, ku kafa masa raga, ku dasa masa itatuwa, ku kai yaranku, ku san lambar fulotinsa da ofishin da takardarsa take. Ranar da mai awo zai zo da igiyarsa, ya tarar da mutane.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon tunatar da su. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.